Mabuɗin da Aka Bar wa Auta

Zuwa ga Malam Ƙamus,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da takardun nan da suka fi mu daraja a wurinka. Mu dai ga mu nan.

Jikin Umma ya ƙi. Likita ya ce ƙarin da ke cikinta ba ya jira, sai an kwantar da ita a babban asibiti an yi aiki. Na haɗa mata jaka, ta zazzage kayan a kan gado. Wai in ta tafi, Auta ya dawo ya tarar da gida a kulle fa?

Kai ka jawo wannan. Ranar da jirgin ruwan da Auta yake aiki a ciki ya nutse, ta tambaye ka, ka ce, "Ba a gan shi ba, Umma, amma ba a ce ya rasu ba." A kan wannan maganar take zaune har yau. Takalmansa na bakin ƙofar ɗaki, kullum sai ta goge su. Jiya da hantsi ina kan keken ɗinki ta ce in tsaya, ta ji tarinsa a tsakar gida. Wallahi har ni sai da na kasa kunne.

Ka rubuto mata gaskiya a fili. Maganarka take ji, ni ɗinki kawai na iya.

Ka huta lafiya,
Yayarka.

Yaya mai daraja,

Assalamu alaikum. Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karanta ta a zaune. A gaida Umma, Allah ya ƙara sauƙi.

Kin ce in rubuto gaskiya. Wacce? Ban ga gawa ba, ke ma ba ki gani ba.

Ki ji abin da ke gabana a ofis. An ba ni wata kalmar Turanci in yi mata bayani a ƙamus, wadda ke nufin yin magana ba e ba a'a. A ƙa'idar aikinmu, ba a rubuta ma'ana sai an tattaro misalan yadda mutanen da can suka yi amfani da kalmar. Asalinta daga wani tsohon harshe ne, inda take nufin kora abu ta hanya biyu. Misalan da na tono kuwa, yawanci bokaye ne, da 'yan aike masu tsoron fushin wanda aka aike su wurinsa, da likitoci a bakin gadon marar lafiya. Duk wanda na karanta, muryata nake ji. Abokan aikina tuni sun wuce harafi na gaba, ni ina nan a maƙale.

Ba na iya rubuta abin da ba ni da shaidarsa, Yaya. In na ce ya rasu, gobe ya yi sallama fa? Ki lallashe ta.

Ƙaninki mai biyayya.

Malam,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake.

Mai biyayya in ji wa? Na roƙe ka magana ɗaya, ka aiko min da lacca a kan bokaye. Umma ta daina cin komai sai ruwan shayi, har zoben hannunta ya fara zamewa.

Shekaranjiya na durƙusa gabanta na ce, "Umma, Auta ya rasu. Ruwa ya ci shi, ba zai dawo ba." Ta dube ni ta ce, "Ke kin gani?" Na ce, "Na gani." Allah ya yafe min.

Ba ta yi kuka ba. Ta mayar da kayanta jaka, ta tura takalman ƙarƙashin gado, ta kulle gidan da hannunta. Za mu shiga mota ta miƙo min mabuɗin, ta ce, "Sa shi ƙarƙashin tukunyar fure, inda ya saba ɗauka." Na buɗe baki zan yi magana, ta ce, "Na ji ki. Sa dai." Na sa.

An kwantar da ita, aikin jibi ne. Kai kuma ka ci gaba da kora abinka ta hanya biyu.

Yayarka.

Ƙanena,

Ina gaishe ka. An yi aikin lafiya, ta farka, alhamdulillahi. Tana buɗe ido ta ce in je gida in ɗauko mata tabarau.

Da rana tsaka na je. Mabuɗin ba ya ƙarƙashin tukunya, yana jikin ƙofa. Maƙwabta sun ce ba su ga kowa ba. Na leƙa ta taga, sai ga takalman a bakin ƙofar ɗaki, a jere, inda suke a da.

Ban shiga ba, tsoro na ji. Na koma asibiti hannu wofi. Umma ta dubi hannuna, ta dubi fuskata, ba ta tambayi tabarau ba. Cewa ta yi, "Ya zo?"

Na ce, "Ban gan shi ba, Umma."

Don Allah ka zo mu buɗe ƙofar nan tare.

Yayarka.