Atamfarki Ta Koma Filin Tsere

Zuwa ga matata, marigayiya Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya haskaka kabarinki, ni ne nake rubuto miki da hannuna. Ajin yamman nan na Lewisham da kika matsa mini na shiga, ga amfaninsa.

Albishirinki. Matar Abba ta sauka lafiya, an samu mace, an sa mata sunanki. Ummi muke kiranta. Amma da sauran labari.

Kin tuna Abba yana yaro a Thamesmead, duk Asabar yana filin tseren BMX, ƙananan kekunan nan masu tsallake tudu? Doka ce sai an naɗe ƙarfen keke da soso, kada yaro ya fasa baki. Sauran yara na kanti suke saye. Ke kuwa kika yanko soso, kika lulluɓe shi da ragowar atamfarki ta sallah, shuɗiya mai zanen tsuntsaye. Aka yi masa dariya, ya dawo yana kumbure-kumbure. Kika ce, "Ko cikin taro kake, in na hango atamfata na san ɗana ne."

Shekarar da kika rasu ya jingine keken a ƙarƙashin bene, tsatsa ta cinye shi. Ya girma, ya kama aiki, ya yi aure, amma dariyar nan tasa ban sake jin ta ba. Na ji tsoron ta bi ki.

Bayan suna ya ce in raka shi wani shago a Dagenham, zai koma tsere a rukunin manya. Mai shagon ya dubi tsawonsa, ya fito masa da keke mai manyan tayoyi, na alminiyam, mara nauyi. Abba ya ɗaga shi da hannu ɗaya, na ga ya shiga ransa.

Sai ya zaro wani ƙunshi daga aljihun jaket. Sosonki ne, Rabi. Ashe ya kwance shi ya adana.

Ya gwada, jikin keken ya yi kauri, atamfar ta ƙi zagayowa. Ya gwada a wani siriri na ƙarfe, ta zauna cif. Mai shagon ya gargaɗe shi nauyin zai ja shi baya. Duk da haka na ƙarfen Abba ya ɗauka.

Ranar tseren kuwa nauyin ya ja shi baya, don kusan na ƙarshe ya zo. Ina gefe rungume da Ummi, idona ya yi rauni, duk sun sa hular kwano, amma na hango tsuntsayenki suna tsallake tudu. Da ya cire hular, tun daga nesa na jiyo dariyar.

Na gode wa Allah, na gode miki. Allah ya gafarta miki, ya raya takwararki, ya sada mu a Aljanna.

Naki har gobe,
Baban Abba