Idan Na Ɗauke Inna, Mota Za Ta Daina Zuwa

Anti Lauratu, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

Ni malamar firamare ce a Hashimi, nan Suleja, amma asalina wani ƙauye ne can bayan Tafa, inda kwalta ta ƙare. Da muna yara garin cike yake, har layi ake yi a bakin rijiya. Yanzu samari duk sun watse, wasu suna acaɓa a Suleja, wasu leburanci a Abuja, mu mata kuma aure ya kwashe mu. Saura tsofaffi da awaki.

Mota ɗaya ce ke shiga garin, ita ma ranar kasuwa kaɗai, wata tsohuwar bas ta wani direba mai suna Bamalli. Kin dai san direbobinmu, mota ba ta tashi sai ta cika, shi ya sa sauran suka yanke zuwa. Bamalli kuwa ko babu fasinjan kirki sai ya zo, domin mahaifiyarsa ta rasu yana jariri, Innata ce ta shayar da shi tare da ni. 'Yan garin ma ba sa cewa motar Bamalli, sai motar Inna. A ƙofar gidanmu take tsayawa, ya ci tuwo, sannan a yi lodi.

To, hawan jini ya kama Inna. Da daminar nan ta yanke jiki ta faɗi, ranar kuma ba ta kasuwa ba ce. Da zani aka ɗaure ta a bayan maƙwabcinmu a kan babur, aka ratsa taɓo da ita zuwa titi. Likita ya ce ta zauna kusa da asibiti. Na gyara mata ɗaki, maigidana ma ya yi murna. Tana jin sauƙi ta ɗaure kayanta ta koma. Wai idan ta bar garin Bamalli ba shi da dalilin zuwa, to wa zai kai sauran tsofaffin asibiti, wa zai fitar musu da doya? Na yi kuka, na yi fushi, har na ce mata ita fa ba tasha ba ce. Dariya kawai ta yi.

Anti, haushinta nake ji, kuma na san gaskiya ta faɗa. Duk wayar da ta shigo sai gabana ya faɗi. In ɗauko ta da ƙarfi ne, ko in zuba ido?

Taki, 'Yar Inna

AMSA

'Yar Inna, sannu da haƙuri. Tsoronki yana kan hanya, domin hawan jini ba ya jiran ranar kasuwa. Amma Inna ma ba taurin kai take yi ba. Tsohuwar da aka ɗauke tana ganin ta yashe mutanenta, ko ɗaki mai fanka kika sa ta jininta ba zai sauka ba. Kada ki ɗauko ta da ƙarfi.

Na lura ke da Inna kun yanke wa Bamalli hukunci, babu wadda ta tambaye shi. Ɗan'uwanki ne na nono, ki same shi a tasha ki ji ta bakinsa. Sannan ki lallashi Inna ta yi damina a wurinki, lokacin da hanya ta fi muni, bisa alkawarin idan likita ya yarda za ta riƙa bin motar ranar kasuwa ta gano mutanenta.

Amma ki ji wannan da kyau. Ba adalci ba ne gari guda ya rataya a wuyan tsohuwa mai ciwo da direba mai kara. Da bakinki kika ce 'yan garinku sun cika Suleja da Abuja. Ki tara su, ku yi karɓa-karɓa, kowane mako wasu su bi Bamalli su je gaida iyayensu. Kujerun nan da yake shiga garin da su babu kowa, ai naku ne. Ranar da kuka cika motar, Inna za ta yarda ta huta.

Allah ya ba ta lafiya, ya sanyaya miki zuciya.