Ihu a Gangaren Shiru

Ƙanena Nazarsho,

Sallama da fatan kana lafiya. Saƙonka ya iso ta kwandon da ake ja da igiya a ƙetare kogi. Wai Inna ko shayin gishiri ba ta iya haɗiyewa, kuma kana so in zauna? Ranar Alhamis muna tafe ni da maigidana Mirzobek ta Gangaren Shiru. Za mu yi yadda aka saba: a cire wa jaki ƙararrawa, kowa ya kama bakinsa har mu wuce, kada mu ta da tsaunin ya zubo mana ƙanƙara. Ka gaishe ta.

Yayarka ce kai ma ka sani,
Gulbegim

Yaya Gulbegim,

Gaisuwa mai yawa. Don Allah kada ku zo.

Jiya na haƙa dusar ƙanƙarar bayan garken awaki. Samanta ya daskare kamar ɓawon gurasa, amma can ƙasa gari ne kamar sukari, ko dunƙule shi aka yi ba ya kamawa. Ta farkon sanyi ce ta bushe haka, sannan iska ta kwaso sabuwa daga bayan tsauni ta jibge a kai. Abu mai nauyi ne zaune kan abin da ba ya riƙo. Da na taka gefen gangaren sai na ji "wuf" a ƙarƙashina, tsaga ta gudu gabana. Ga rana ta fara zafi.

Yaya, ƙanƙara ba ta da kunne. Nauyin ƙafa take ji, da ranar tsaka. Inna ta sha romo yau. Ki yi haƙuri ƙanƙarar ta zube tukuna.

Ƙaninki,
Nazarsho

Nazarsho,

Bayan gaisuwa. Malam mai haƙa rami, ka kyauta! Muna tafiya shiru, mun kusa tsakiya, ka tsaya a hayi kana kwarara ihu kamar an yanka ka. Ko yaye ba a yi maka ba kakanninmu ke wuce wurin nan baki rufe. Ka ta da tsaunin, ya sauko. Jakina ya tafi da garin 'ya'yan itacen tut ɗin da muka ɗauko wa Inna. Saura taku kaɗan ya haɗa da matata. Duk ƙauyenmu sun ji muryarka. Kada ka tako gidana.

Mirzobek

Yaya Mirzobek,

Ina gaisuwa, ina jajen jaki. Na san abin da ake faɗa, nan ma ba mai amsa sallamata a bakin rafi. Daga hayi na hango tsagar ta buɗe sama da ku, baƙa, tana tsawo. Jakin yana gaba, Yaya Gulbegim na bin sa. Na san dokar wurin. Na duba ko ɗaga hula zai isa, kanku duk yana ƙasa. Shi ne na kira sunanta.

In an maimaita, zan sake. Inna tana tambaya ko Yaya ta ji ciwo.

Naka,
Nazarsho

Ƙanena,

Sallama. Gwiwa ce kawai. Ka ce wa Inna sai hanya ta buɗe.

Na ji "wuf" ɗin nan a ƙarƙashin ƙafata tun kafin muryarka. Na so in ce wa Mirzobek mu koma, sai na tuna ba a magana a wurin, na yi shiru na ci gaba.

Yau na faɗa masa. Shi da kansa zai kai wannan wasiƙa kwandon kogi.

Yayarka,
Gulbegim