Sunan da Ba a Gayyaci Samiratu Ba

Maamobi, Litinin

Ƙanena Fatawu,

Assalamu alaikum. Barka da haihuwa. Yaya matarka Nasira da jaririya?

Waya ta gagare ni, kunnen a naɗe yake. Kansar fata ce, likita ya ce rabon zabiyar da ta shekara ashirin tana sayar da waakye, shinkafa da wake, a cikin rana. Maganin, brakiterapi suke ce masa. Sun yi wani abu daidai kunnena mai siraran bututu. Ƙwayar haske kamar ta shinkafa takan bi ciki ta ƙona ciwon, minti kaɗan ta koma injinta. Saura in je sau uku.

Ranar suna ni zan dafa.

Yayarka,
Samiratu

Kanda, Laraba

Yaya Samiratu,

Wa'alaikumus salam. Allah Ya ƙara sauƙi. Bayan haka, surukata tana tsoron hasken nan ya taɓa jaririya. Ki huta a gida, za a kawo miki nama.

Naki,
Fatawu

Maamobi, Alhamis

Fatawu,

Salam. Na tambayi likita, ga takardarsa. Ba abin da ke saura a jikina, jiya ma na goyi ɗan maƙwabciya. Ranar aurenka ba ni da ciwon kansa, amma da mai hoto ya iso kicin kuka tura ni. Faɗa mini gaskiya.

Samiratu

Kanda, Juma'a

Yaya,

Salam. Ba hasken ba ne. Yarinyar zabiya ce. Surukata ta ce daga jininmu ne, idan aka gan ku tare duk unguwar Nima za ta ɗauki maganar. Ni kuma na biye mata. Tun da aka haife ta ba mu buɗe labule ba.

Yaya, me ake shafa mata? Idonta yana rawa, haka naki ya yi? Ita ma ciwon zai ci kunnenta?

Ki yafe mini.
Fatawu

Maamobi, Asabar

Fatawu,

Salam. Ga hula mai faɗi. Man kariya daga rana sai ta kai wata shida. Naman ku riƙe.

Shekara talatin da huɗu kana da zabiya a gida, ba ka taɓa tambayata ko ɗaya cikin waɗannan ba. Sauran amsar ba zan rubuta ba. Ka ɗauko ta, fuskarta a buɗe, ka zo ka tambaya da bakinka.

Allah Ya raya ta.
Samiratu