Ƙwaryar Ƙarfe a Gurbin Durumin Inna

Assalamu alaikum Adda Hanne,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Malam da yara. Yaya Damagaram, yaya ƙafar taki? Mu nan lafiya lau, sai dai zuciyata ba daɗi.

Adda, an sare durumin bakin shataletale, inda Inna ta tsufa tana sayar da nono. Wani maƙeri ne daga Kano ya ba garinmu aron wata ƙatuwar ƙwarya ta ƙarfe da ludayinta, wai don a karrama mata masu nono. Manya suka karɓa, aka ce a nemo inda za a kafa ta. Sabo, ɗan Baffa Iro, da yake yana cikin kwamitin, shi ya nuna wurinmu. Yaron da Inna ta sha dama wa fura kyauta a wannan inuwar. Ranar buɗewa aka kore mu can hanyar Babura, cikin rana, wai kada mu ɓata hoto.

To, matarsa ta haihu, suna ranar Asabar. Ya aiko a kai masa nono kamar yadda aka saba yi wa dangi. Na bi ruga-ruga da ƙafata, duk matan sun yi mini alkawari ko ɗigo ba zai gani ba. Na ce wa ɗan aiken, “Ka gaya masa ga ƙwarya can cike a shataletale, ya je ya ɗebo.”

Kada ki ba ni haƙuri, Adda, ban huce ba. Ki dai sa mu a addu'a, ki gaishe da Malam da su Bintu.

Ƙanwarki,
Hajara