Ikilima Ta Zauna

Yaya Mairo,

Na fita tun kina barci, ina so in riga yara isa aji.

Kin tuna Ikilima, yarinyar nan ta ajina na masu buƙata ta musamman, wadda ba ta minti biyu a zaune sai ta kifar da benci ko ta gantsara wa wani cizo? Babanta ya ce in ba ta natsu wannan zangon ba, zai cire ta ya mai da ita Agyaragu.

Jiya da muka koma makaranta, gyaɗata ta zube a ƙasa. Kafin in sunkuya har ta durƙusa tana tsincewa, tana ware manya da ƙanana. Wallahi sai da ta yi minti ashirin cur. Da ta gama ta ɗago ta ce, "Anti, akwai saura?" Ba ta taɓa yi mini magana ba sai jiya.

Don haka ki yi haƙuri, na kwashe waken da kika ajiye don alale, har da faifanki. Da shi zan fara koya mata ƙidaya. Yau ki dafa shinkafa. Da yamma za ki karɓi wakenki a tsince tsaf.

Rabi'a