Gilasan Jinin ’Ya’yanmu a Bakin Taga

Zuwa ga Mai Girma Kansilan mazaɓarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Yallaɓai, ni Maimuna ce, mai ɗinki a Makera. Ina wannan rubutu ’yar autata Safiya na kwance a gefena, jikinta zafi rau, kuma tsoro nake ji in kai ta asibitin unguwarmu. Ga dalili.

Na farko. A daminar bara na kai yayarta Hauwa da zazzaɓi. Aka tsaga mata yatsa, aka shafa jinin a ɗan gilashi, aka jera a bakin taga ya bushe tare da na sauran mutane. Ba suna, ba lamba. Wai yadda muka bi layi, haka aka jera su. Sai ga hadari ya taso da iska. Da idona na ga ma’aikaciya ta kwashe gilasan a hannu ɗaya ta shige da su ciki. Na yi magana, aka ce in zauna, ba aikina ba ne.

Aka ce Hauwa ba ta da maleriya, aka sallame mu da farasitamol. Madam Ngozi, mai shago a Kakuri, da ke bayana a layi da ciwon ƙafa, ita aka ce jininta cike yake da ita. Har dariya ta yi.

Na biyu. Ba a jima ba, tun ba mu bar harabar asibitin ba, Hauwa ta fara jijjiga, idonta ya kafe. Mijin Madam Ngozi, Allah Ya saka masa, shi ya kwashe mu a motarsa zuwa babban asibiti a tsallaken gada. Can suka duba jinin suka ce ba maleriya kawai ba ce, mugun nau’in nan ne mai hawa ƙwaƙwalwa. A ranar na fara jin cewa ƙwayar cutar iri-iri ce, kuma ana bambance su a madubin likita. Namu asibitin “akwai” da “babu” kawai ya sani, shi ma ɗin sakamakon wani yake ba wani. Hauwa ta rayu, alhamdu lillahi, amma har yau ba ta ji. Yarinyar da ta ishi gida da surutu, yanzu sai na taɓa kafaɗarta take juyowa. Wallahi raina a ɓace yake, kuma ban yafe ba.

Na uku. Na leƙa a makon jiya, gilasan suna nan a tagar, ba suna.

Yallaɓai, lokacin soja mun haɗiye ire-iren wannan don ba mu da wanda za mu gaya wa. Kai kuwa har ƙofar shagona ka zo neman ƙuri’a. Don haka ina roƙo a rubuta sunan kowane majiyyaci a gilashinsa a gaban idonsa, a kuma kawo wanda ya iya gane nau’in cutar. Ban ce a kori kowa ba.

Gobe da safe zan goya Safiya in kai ta asibitin namu, don jikinta ba zai ɗauki tafiyar tsallake ba. Da hannuna zan rubuta sunanta a gilashin, kuma ba zan matsa daga bakin tagar nan ba sai an duba shi a gabana. Idan aka kira min ’yan sanda, ka riga ka san laifina.

Allah Ya ba ka ikon riƙe amana, Ya tsare maka naka ’ya’yan.

Wassalam.

Maimuna mai ɗinki, Makera.